Kwamfutar da Ta Daina Ganin Injin Surfani

Daura, ranar Talata

Zuwa ga ƙanina Munzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zaman teku? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Damina ta kankama, gero har ya kai gwiwa a gonakin hanyar Baure. Rukayya ta yi fama da zazzaɓi makon jiya amma ta miƙe, Zaituna kuwa sai ɓarna. Goggo Nana tana gaishe ka, ƙafar tata ce dai har yanzu.

Ka ce a can ba a barin ku da waya, sai imel a kwamfutar kamfani idan layi ya samu. Shi ya sa na zauna zan rubuta maka komai dalla-dalla, don kada ka yi ta tambaya ina jira.

Aikin surfani ya tsaya. Ba injin ne ya lalace ba. Yana kunnuwa, fitilarsa tana kamawa, allura tana hawa da sauka idan na gwada. Kwamfutar ce ta daina ganinsa. Na tafi Mashi ta'aziyyar ƙanwar mahaifiyata, na rufe shago komai lafiya. Da na dawo na kunna, sai na tarar fuskar kwamfutar ta canza, launi daban, abubuwan da nake dannawa duk sun koma wani gefe. Da ƙyar na lalubo ƙaramar kwamfutar nan ta ciki, wadda ka girka wa marigayi mijina a cikin babbar saboda manhajar zane ba ta aiki sai da tsohuwar Windows. Ta buɗe yadda ta saba. Amma manhajar zanen ta ce ba ta ga inji ba, ba ta ga makulli ba. Makullin kuwa, ɗan abin nan shuɗi mai kama da filashi, na laluba da hannu na ji shi soke a baya inda ka sa shi. Na zare wayar USB ta injin na mayar, na sauya mata rami, na hura ramukan, na kashe na kunna har na gaji.

Abin ya zo a mummunan lokaci. Malama Hadijatu ta Baure ta ba ni hijaban ɗalibanta da za su yi saukar karatu ƙarshen watan nan, a ɗora musu tambarin makaranta. Ita ce ta farko da ta kawo mini babban aiki da sunana tun rasuwar Baban Rukayya. Ga su nan jibge a kan tebur suna kallona.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ka taɓa ce mana kwamfutar ba za ta yi babban canji ba sai an sa mata kalmar sirri. Kalmar nan mu uku muka san ta, ni da kai da wanda ke kwance a maƙabarta. Ban ce komai ba, tambaya ce kawai: ana iya taɓa ta daga nesa?

Jiya kuma Baffa Dabo ya leƙo. Ka san duk da shagon a ƙofar gidansa yake, kuma shi ya ara wa marigayi, ba ya tako shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ya ji shiru kwana biyu, ko injin ya samu matsala ne? Na ce ɗan gyara ne. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, ba injin ba, sannan ya wuce.

Ina jiran amsarka.

Yayarka,
Siddiƙa

*

Daga teku, bayan Fatakwal, ranar Alhamis

Yaya Siddiƙa,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki. Ina lafiya. Allah ya ƙara wa Rukayya sauƙi, a gaishe da Goggo. Mutane na tsaye a bayana suna jiran kwamfutar, don haka a gurguje.

An sabunta babbar manhajar ne, babu shakka. Abin da ya kamata ki gane shi ne, baƙuwa ba ta ganin komai sai abin da mai gida ya sakar mata. Kuma da alama an cire sunanki daga cikin masu izini. Kada ki ƙara taɓa komai, kada ki bar kowa ya taɓa, sai na sake rubutowa.

Ni ma ina da tambaya. Wa kika shigar shagon? Kwanakin baya Baffa ya aiko mini cewa akwai wani mutumin Baure da ke yawan zuwa wurinki, har ana raɗe-raɗin za a ɗauke injin a kai can. Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba a lokacin. Yanzu ga shi kin ambaci Baure, kuma kwamfuta ta canza ba ki san wanda ya canza ta ba. Injin nan gadon su Rukayya ne, kuma na san wahalar da marigayi Yaya Yazid ya sha kafin ya mallake shi. Ki gaya mini gaskiya don in san ta inda zan fara.

Naki,
Munzali

*

Daura, ranar Juma'a

Malam Munzali,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata kai ma haka.

Na karanta wasiƙarka, na sake karantawa, don kada in zalunce ka. Na gane. Ni ce baƙuwa, Baffa ne mai gida, kuma ba ni da abin da zan gani sai wanda ya sakar mini. An cire sunana daga masu izini. Na gode da ka fito fili, ko ba komai ka rage mini wahalar hura ramuka.

Sai dai bari in tuna maka, ko zaman teku ya mantar da kai. Kakata da kakarka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tun kafin a aura mini Baban Rukayya ina shiga gidan nan ina cin tuwonsa. Lokacin da Baffa ya ɗauko ka daga ƙauye ya sa ka makaranta, ni nake wanke maka kayan makarantar. Idan ni baƙuwa ce, ban san wa ke ɗan gida ba. Kuma injin nan da aka yi rabon gado a gaban malamai, ni da 'ya'yana aka bai wa. Shagon na Baffa ne, ban musa ba. Abin da ke cikinsa ba nasa ba ne.

Mutumin Baure da kake tambaya, Malam Yahya ne, mijin Malama Hadijatu. Dattijo ne mai furfura, ya girme Baffa. Shi ke ɗauro hijaban a bayan babur yana kawowa kashi-kashi, saboda ita makaranta ba ta barin ta fitowa. Bai taɓa wuce bakin ƙofa ba, kwamfuta kuwa ko kunna ta bai iya ba. Wannan shi ne manemin da aka yi mini. Ban taɓa zaton zan zauna ina wanke kaina a gabanka a kan irin wannan magana ba.

Yanzu ga abin da ya faru, wanda nake jin ka riga ni sani. Da safen nan Baffa ya aika a kira ni zaure. Surukinsa Uwaisu, mai shagon gyaran waya da kwamfuta na bakin tasha, yana zaune gefensa. Baffa ya yi doguwar nasiha, ya ce injin kwamfuta ba abin da mace ita kaɗai za ta riƙe ba ne, ga shi tun ba a je ko'ina ba ya gagare ni. Ya ce Uwaisu ya san wani a Maraɗi da zai karɓe shi a yadda yake, a juya rabon yara zuwa dabbobi a haɗa da nasa garken, ni kuma in koma keken ɗinki a cikin gida. Uwaisu bai ɗago kai ba har aka gama. Da na ce zan yi shawara da kai tukuna, sai Baffa ya yi murmushi ya ce, "Ai Munzali ya san da maganar."

Na dawo na buɗe waya na tarar da wasiƙarka. Kai ka ce me zan ɗauka?

Ka ce kada in taɓa komai. Ban taɓa ba, ba don umarninka ba, don ban san abin da zan taɓa ba ne. Idan kai ka rufe ta daga can, ka ji tsoron Allah ka buɗe. Ko ba don ni ba, don yaran mutane da iyayensu suka riga suka gayyaci jama'a.

Siddiƙa

*

Daura, ranar Laraba

Munzali,

Salam. Lafiya lau muke. Na ji shiru.

Malam Yahya ya zo da ragowar hijaban, ya tambayi na farko, na ce masa ana kan aiki. Ƙaryar farko ke nan da na yi wa mai kawo mini aiki, kuma na ga alamar bai gamsu ba. Uwaisu ya aiko matarsa wai in ba shi dama ya zo ya duba kwamfutar kyauta. Na ce a gode masa. Na sayo sabon kwaɗo na ƙara a ƙofar shago, Baffa ya gani, tun ranar ba ya amsa gaisuwata da baki sai da kai.

Da can ko gajeren saƙo na aika maka ba ya daɗewa ka amsa. Shirun nan ma amsa ce, na karɓa.

Siddiƙa

*

Daga teku, ranar Asabar

Yaya Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da yara da Goggo kuna lafiya. Ni lafiya, sai gajiya. Guguwa ta karya farantin da ke kawo mana layi, muka zauna ba shiga ba fita sai rediyon jirgi. Yau aka gyara, na tarar da wasiƙunki biyu tare. Na karanta su duka. Na roƙi wanda ke bina a layi ya bar mini lokacinsa, don wannan ba ta gaggawa ba ce.

Wallahi ba ke nake nufi ba. A sana'armu, babbar kwamfutar da kike kunnawa ita ake kira mai gida, ƙaramar da ke zaune a cikinta ita ake kira baƙuwa. Haka sunansu yake a wurin kowa. Duk abin da aka soka ta ramin USB, babbar ce ke fara kama shi, ƙaramar ba ta san da shi ba sai an miƙa mata. Izini kuma, akwai wani rukuni a cikin kwamfutar na waɗanda aka yarda su yi wannan miƙawar, sabuntawa takan sa sunan mutum ya faɗi daga ciki. Na rubuta miki kamar ina magana da abokin aiki, ga shi na haɗa da tambayar da ba ta dace ba. Ki yafe mini maganar Malam Yahya.

Daga nan ba ni da hanyar taɓa kwamfutarki. Wannan da nake rubutu da ita ba ta buɗe komai sai imel. Wanda ya sabunta ta, a kan kujerarki ya zauna.

Maganar kalmar sirri kuwa, na ɗauka kin sani. Wajen ƙaramar salla saƙo ya zo mini ta imel ɗin Uwaisu da sunan Baffa, cewa kin manta kalmar, aiki ya tsaya, kuma kina jin nauyin tambayata da kanki. Na aika musu a take don a kai miki. Idan ba ke kika nema ba, to ke ma kin ga inda maganar ta dosa. Batun Maraɗi kuma yau na fara jin sa, a wasiƙarki. Ban san yadda zan yi da wannan ba. Mutumin nan shi ya riƙe ni, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ina so in ce Uwaisu ne ke juya shi, amma ban sani ba.

Mu bar wannan, mu tashi injin. Ki bi a hankali, babu abin da zai fashe.

Ki jona kwamfutar da intanet ɗin wayarki. Ki buɗe manhajar da ke riƙe da ƙaramar kwamfutar, amma kada ki tayar da ƙaramar. A sama akwai wurin da ke nuna lambar manhajar, ki rubuta ta a takarda. Akwai wani ƙarin kaya da ake ɗora mata wanda shi ne ke ba ta ikon miƙa USB. Na jikinta yanzu tsoho ne, na kafin sabuntawa, shi ya sa ba sa jituwa. Na sa miki adireshin da za ki sauko da sabo a ƙasan wasiƙar nan. Lambarsa ta zama daidai da wadda kika rubuta, ko ɗigo kada ya bambanta.

Bayan nan ki buɗe baƙin allon nan da kika sha gani ina rubutu a ciki. Ki kwafi layin da na sa a ƙasa harafi da harafi, shi zai mayar da sunanki cikin rukunin. Zai nemi kalmar sirri, kuma idan kina bugawa ba za ki ga komai yana fitowa ba, haka yake, ki ci gaba. Sai ki kashe kwamfutar gaba ɗaya ki kunna. Kada ki tsallake wannan, yawancin mutane nan suke makalewa.

Na ƙarshe, ki shiga saitin ƙaramar, wurin USB. Za ki ga zaɓi, ki ɗauki na biyu, don tsohuwar Windows ba ta san na ukun ba. A gefe akwai ɗan hoto mai alamar ƙari, idan kin danna zai nuna miki sunayen abubuwan da ke soke. Ki zaɓi injin, ki zaɓi makullin. Daga nan duk lokacin da ƙaramar ta tashi, ita za ta kama su da kanta.

Ki rubuto mini duk abin da kika gani, ko da kin ga kamar ba shi da amfani.

Ƙaninki,
Munzali

*

Daura, ranar Litinin

Munzali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya tsare ku da guguwa. Zaituna ta faɗi ta fasa leɓe, amma da sauƙi.

Na ji bayaninka. Na yafe maganar Malam Yahya. Sauran kuma na ajiye su tukuna, ban jefar ba, ban kuma rungume ba. Ban taɓa manta kalmar sirrin nan ba, sunan da marigayi yake kirana da shi ne, kai ma ka sani. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ka yarda zan manta da shi, kuma ba ka tura mini ko layi ɗaya ka tambaye ni ba.

Na bi abin da ka ce, ƙofa a rufe. Da farko na sauko da wanda ba shi ba, lambar ƙarshe ta bambanta, kwamfutar ta ƙi karɓa. Na sake, layi ya yanke a tsakiya saboda hadari, sai da na jira ruwa ya ɗauke. Baƙin allon ya tsorata ni, na buga kalmar ban ga komai ba har na ɗauka ta mutu, sai na tuna ka faɗa. Na kashe na kunna. Da na danna alamar ƙarin, sai ga sunan injin ya fito ɓaro-ɓaro. Na zaɓe shi, na tayar da ƙaramar, injin ya yi ɗan kukan nan da yake yi idan sun gaisa da kwamfuta. Ashe da gaske ba ka rufe ba, ko kuma ka rufe ka buɗe, Allah ne masani.

Amma aiki bai tashi ba. Manhajar zane ta ga inji, har yanzu ta ce babu makulli.

Ka ce in faɗi duk abin da na gani. A inda sunayen suka fito, na biyun ba sunan kamfanin manhajar ba ne, wanda nake gani a da idan tana buɗewa. Wani suna ne daban, irin na filashin da ake sayarwa a kasuwa. Na zaɓe shi duk da haka. Da ƙaramar ta tashi sai ta buɗe mini shi kamar yadda take buɗe filashin da masu aiki ke kawo zane a ciki, fayau, babu komai. Makullin bai taɓa yin haka ba.

Na jawo tebur daga jikin bango, na zare shi na kai bakin taga. Shuɗi ne, girmansu ɗaya. Amma namu akwai lambobi da aka zana a jikin ƙarfensa, kuma akwai inda marigayi ya ɗiga masa jan fenti don kada ya ɓace cikin filasai. Wannan sumul yake, sabo fil. Duk kwanakin nan ina laluba shi da hannu a bayan kwamfuta ina cewa yana nan.

Ka ga da ba a gyara ganin USB ɗin ba, da har abada ina ɗauka kwamfuta ce ta lalace. Da an ɗauke injin a matsayin matacce, makullinsa na aljihun wani.

Malama Hadijatu ta kira da kanta. Wannan karon na gaya mata gaskiya. Ta ce za ta ba ni zuwa ƙarshen mako, in bai yiwu ba Malam Yahya zai kwashe ya kai Katsina.

Me ka ce?

Siddiƙa

*

Daga teku, ranar Talata

Yaya Siddiƙa,

Salam. Lafiya lau. Allah ya ba Zaituna sauƙi.

Abin da kika gani haka yake. Makulli ba ya buɗewa kamar filashi, kuma ba a yin kwafinsa a shagon bakin tasha. An musanya shi. Duk wanda zai sayi injin, ba zai amfana da zanukan da ke ciki ba sai da shi, don haka bai yi nisa ba, ana ajiye da shi ne. Ko an sabunta kwamfutar da gangan don a rufe sawu, ko kuwa karambani ne ya zo ya yi musu daidai, wannan ba zan iya rantsewa a kai ba.

Kada ki je wurin Uwaisu, zai musa kuma abin ya ɓace. Kada ki tunkari Baffa ke kaɗai. Ki je wurin Goggo Nana da filashin a hannunki. Ita ce babbar yayarsa, ita kaɗai ce na taɓa gani ta yi magana ya sunkuyar da kai. Ni ban rubuta masa komai ba, don kada ya shirya.

Na sa miki a ƙasa yadda ake canza kalmar sirri. Ki canza yau, kuma kada ki gaya mini sabuwar.

Ba ki yi kuskure ba da kika ce ya kamata in tambaye ki.

Munzali

*

Daura, unguwar Kusugu, ranar Lahadi

Ƙanina Munzali,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya, leɓen Zaituna ya warke. Ka lura da inda na rubuto, zan zo kansa.

Na kai wa Goggo Nana filashin. Ba ta san mene ne USB ba, ba ta kuma nemi sani ba. Na ce mata an cire wa injin marayu makulli an sa na bogi. Ta juya shi a hannu, ta ce a kira mata mai adaidaita. Da ƙafar nan tata da ba ta kai ta ko ƙofar gida, ta sa na riƙe ta har zauren Baffa. Ya taso da sauri yana shimfiɗa mata darduma, ta ƙi zama. Ta tsaya dafe da sanda ta ajiye filashin a gabansa, ta ce, "Dabo, ba zan zauna ba sai ka ba ni abin 'ya'yan Yazid."

Ya ce bai san zancen ba. Ta ce to za ta jira. Ya ce a kawo mata ruwa, ta ce ba ta jin ƙishirwa. Mutanen da ke zaune da shi suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ina ganin ƙafarta tana rawa, na matsa zan tallafe ta, ta ture hannuna. Daga ƙarshe ya aika a kira Uwaisu. Shi kuwa yana shigowa ya ga Goggo a tsaye, tun ba a tambaye shi ba ya ce shi umarni aka ba shi, kuma ranar ma ya miƙa wa Baffa abin. Sai Baffa ya shiga cikin gida ya fito da shi a ƙulle cikin leda, ga jan fentin nan a jikinsa. Ya ce ajiye wa marayu ya yi, don ya ga ana shige da fice a shagon, kuma shi har ga Allah dabbobi sun fi musu inji. Wataƙila ma ya yarda da abin da yake faɗa. Goggo ta karɓa ta ba ni, sai a lokacin ta zauna ta sha ruwan.

Muna fita Baffa ya ɗaga murya ya ce in tambaye ka, ai da saninka aka yi komai.

Na soka makullin, na shiga saitin na zaɓe shi yadda ka koya mini, sunan kamfanin ya fito, manhaja ta buɗe da zanukan marigayi duka. Na ɗora hijabi na farko. Tun daga ranar ban ɗaga kai ba sai salla da abinci. Jiya Malam Yahya ya ɗaure na ƙarshe a babur ya tafi. Malama ta kira ta ce tambarin ya fi na bara fitowa, kuma wata makarantar a Zango ta tambaye ta inda aka yi.

Yau Baffa ya tafi kasuwar Mai'aduwa da dabbobinsa. Yana fita na kira mai a-kori-kura, muka ɗora inji da kwamfuta da tebur da zaruruwa, muka kawo ɗakin ƙofar gidan Goggo. Ita ta ba ni, ta ce in zauna har ranar da na gaji. Na share shagon Baffa tas, na cire kwaɗona, na ba matarsa makullin ƙofarsa da godiya. A nan na haɗa wayoyin da kaina, na kunna, ƙaramar ta kama inji da makulli ba tare da na taɓa komai ba. Ɗakin ya fi wancan ƙanƙanta, kuma rufin yana ɗiga ta kusurwa ɗaya, amma ƙofar ni kaɗai ke da makullinta.

Ban gaya maka zan tashi ba sai da na tashi. Kada ka ji haushi. Ban san wa ke karanta abin da nake aika maka ba, ban kuma san wa kake aika wa ba. Ka taimake ni, ba don kai ba da yanzu injin yana Maraɗi, wannan na sani kuma na gode. Amma mutum biyu sun gaya mini magana biyu, ɗaya ya riƙe ka tun kana yaro, ɗayan kuma kai ne, kuma duk a rubuce nake jin taka.

Goggo ta ce ƙarshen damina za ka sauko hutu. Idan ka iso Daura kada ka fara da nan. Ka sauka gidan Baffa, ka gaishe shi, ka ci abincinsa, ka ji duk abin da zai ce. Sannan ka ɗauko shi ko Uwaisu, wanda ya yarda ya biyo ka, ku zo gaban Goggo. A nan nake so ka maimaita abin da ka rubuta mini, ina kallon fuskarka, shi ma yana kallo.

Yara suna gaishe ka.

Yayarka,
Siddiƙa